Hotunan da Aka Ƙona a Fada

Zauna, Lantana, ni dai na gaji da maimaita maganar nan. Kin ce kada malaman makaranta su san yaronki na da sikila, wai kar a raina shi. To, saurara.

An ce a wata masarauta can wajen ƙasar Rasha an yi wani mai hoto da ke aiki a fada. Sarkin ɗa namiji ɗaya gare shi, shi ne mai jiran gado, kuma da ciwo aka haife shi: ko tuntuɓe ya yi, sai jini ya taru a gwiwarsa, ya yi wata guda a kwance yana nishi. Uwarsa ta ce ko da wasa kada talakawa su ji. Saboda haka aka kafa wa mai hoto doka, ba ya ɗaukar hoton yaron sai a tsaye. Ranar da ƙafar ta ƙi miƙewa, sai a ɗora ta kan matakala kamar hawa yake, a shafa masa jan hoda a kumatu, baran da ke goya shi ya matsa gefe. In aka wanke hotuna, wanda ya nuna rama ko hawaye, mai hoto da hannunsa yake jefa shi a murhu. Sauran kuwa a buga a jarida, a manna a kantuna. Shekara goma sha biyu ana haka, bawan Allah har ya daina kallon abin da yake ƙonawa.

Da yaƙi da yunwa suka zo, mutane na layin burodi cikin sanyi, ga hoton yaro a bango, kumatu jajir, yana kan ɗan dokinsa. Ina tausayi zai fito? Aka tumɓuke sarki, aka tsare shi da iyalinsa a wani gida, har da mai hoton. Nan yaron ya zame a bakin ƙofa, gwiwa ta kumbura kamar ƙwarya. Uwar ta durƙusa gaban shugaban masu gadi tana roƙon a kira likita. Mutumin ba mugu ba ne sosai, shi ma ya binne ɗa. Sai ya ciro tsohuwar jarida ya ce, "Wannan ne marar lafiyar? Tun yana jariri muke ganinsa garau. Dabarar gudu ce dai. Ku nuna mini hoto ɗaya da yake kwance, in yarda." Aka juya ana duban mai hoto. Ya sunkuyar da kai, don ko ɗaya bai bari ba. Likita bai zo ba, yaron kuma bai kai ƙarshen mako ba.

Ranar da naki ya faɗi a filin wasa, Lantana, malamin da kika ce wa lafiyarsa ƙalau ne zai ce ya tashi ya daina lalaci. Ramin ƙarya ƙurarre ne.