Agarar Mai Tukwane

Tunda ka ce maganata ba ta da kai, gyara zama ka ji wannan. Kyauta ma na ba ka, saboda halin kirkina.

Wani mai ɗori ne, shekara talatin yana gyaran ƙafafun mutane, yana cika baki wai yatsunsa sun fi idon kowa gani. Matarsa maginiyar tukwane ce, da ƙafa take taka yumɓu. Sai ciwo ya kama ta a bayan idon sawu. Ya latsa, ya murza, bai ji karaya ba, bai ji targaɗe ba, sai ya yanke hukunci cewa raki ne kawai. Ta ci gaba da aikinta tana ɗingishi, har ranar da ta kasa tsayuwar salla. Don kunyar maƙwabta ya kai ta asibiti, yana tafe yana gunaguni. Likita ta shafa wani abu mai sanyi da yauƙi a wurin, ta ɗora na'urar hoto irin wadda ake duba masu ciki da ita, ta juyo masa da allon. Ga agara nan fara kamar igiyar guga, kumburi ya tara ruwa baƙi ƙirin ya kewaye ta. Da aka zo yi mata allura, gogan naka ya dangwala yatsa inda ya saba latsawa, ya ce a soka nan. Likita ta ce, "Baba, nan kan agarar ne. In magani ya shiga cikinta, tana iya tsinkewa." Yana kallo allura ta ɓullo a allon, siririya kamar tsinke, ta raɓa gefen agarar ta tsaya cak, magani ya bazu a kewaye.

Shi kuwa wannan baƙin ruwan ne ya tsaya masa a rai. Wata huɗu cur tana faɗa masa, yana ji da kunnensa, ashe a kan wannan take tsayawa ta taka yumɓu. Likita ta ce sai ƙafar ta huta. Washegari maƙwabta suka leƙo, suka tarar da babban mai ɗori ya naɗe wando har gwiwa yana taka yumɓu, ita tana zaune kan turmi da ƙafa a miƙe, tana cewa, "Malam, gefen can bai taku ba." Ya ce musu motsa jini yake yi. Bai kuma ƙara kiran ciwon kowa raki ba. Ai dama Hausawa sun faɗa: gani ya kori ji.