Inna Kusa da Surukinta

Tun da aka kafa dokar faifai ɗaya na muryoyin mamata ga kowane gida, in an yi rasuwa sai an goge muryar wani tsohon mamaci kafin ta sabon ta samu wuri. Da Inna ta rasu, layi ya zo kan Kaka Barau, surukinta, uban mijinta.

Tabawa, autar Inna, ta ce ba ta yarda ba. Ta naɗe faifan a ɗankwali, ta nufi rumfar Mantau mai gyara.

Mantau ya jera faifai biyu a kan benci. "Wannan irin naku ne, Malama, maganaɗisunsa kamar tsakin masara. Sabon kuwa gari ne mai laushi. Gurbin murya ɗaya a da, yanzu ɗari yake ci."

"Ba za a goge kowa ba?"

"Ko tarin jariri."

Ya juye muryoyin duka a sabon, ya kunna. Kaka Barau ya yi gyaran murya yana kiran awakinsa. Tabawa ta rangaɗa guɗa har maƙwabtan rumfa suka leƙo.

Sai aka zo kan waƙar dakan Inna. Ranar da aka naɗi waƙar har bayan katanga ake jinta, amma yanzu ƙasa-ƙasa take fita.

Mantau ya duba. "Faifan lafiya lau. Wurin ne ya matse, ta faɗo daf da tsohon nan mai awaki."

Tabawa ta gano dalili. Inna ba ta taɓa ɗaga murya a gaban surukinta ba.

"Matsar da ita wajen muryoyin ƙannenta," in ji Tabawa.

Ya matsar. Waƙar ta cika rumfar.