Bakin Teku a Tsakiyar Unguwa

Bayan rasuwar Umma, Abba ya ɗauko ni daga Kano zuwa Guangzhou, inda yake sarin takalma. Na daina magana da kowa.

Wata la'asar ya kai ni gindin wani jan dutse, ya sa hannuna cikin kwarmin da ke jikinsa.

"Teku ce ta ci nan," in ji shi. "Ƙasa ta tsage ta ƙarƙashi, ɓangaren nan ya ɗaga, ruwan ya ja baya, kogi ma ya sauya hanya."

Na waiga, sai gidaje da kekuna.

"Abba, kifayen fa?"

Ya durƙusa ya rungume ni, yana dariya yana hawaye. "Sun bi ruwan, uwata. Suna nan da ransu."

Yanzu da na haifi nawa, na san abin da ya ji.