Sunaye Dubu Huɗu

A rana ta tara da fara kamen, motar 'yan sanda ta tsaya a ƙofar garejin mijinta, aka tafi da shi da baƙin mai a hannu, ko sabulu ba a bari ya taɓa ba. Akawu, kamar yadda ake kiranta saboda tafiretar da take bugawa a ofishin ruwa na gwamnati, ba ta yi mamaki ba. Tun jiya ta san yau layinsu ne, domin ita ce ta jera sunayen.

Shekara biyu ƙungiyar neman 'yancin ƙasa ta yi tana cacar baki a kan hanyar da za a bi a rabu da baƙin da ke mulki. Wasu sun ce yajin aiki. Wani da ake kira Kafinta da masu zafin kai irinsa sun ce daji da bindiga. Lauya, yayan mijinta, ya ce takardar koke: a tara sa hannun jama'a, a kai gaban duniya, a nemi ƙuri'ar raba gardama. Da yake ya fi su baki, shi ya ci. Mutum dubu huɗu suka sa hannu a garin, kowa da sunansa da lambar gidansa.

Sa hannun ya zo a hargitse, sai aka ba Akawu ta fitar da jeri mai tsabta. Wata uku ta yi tana bugawa a ɗakinta duk ranar hutu. Takarda da kabon kuwa, wato baƙar takardar da ake sawa a tsakani don kwafi ya fito, na ofis ne, tana dariya a ranta cewa da kayan masu mulki za a kore su, duk da mai siton mutum ne mai ƙa'idar tsiya, ko fensir ba ya ba da sabo sai an miƙa masa guntun tsohon. Ba ta yi wa aikin ha'inci ba. Kowane shafi da sabon kabon ɗinsa, don kada kwafin ya fito dishi-dishi. Kuma ba ta bi baƙaƙe ba, layi-layi ta bi, gida bayan gida, yadda mai raba sanarwa ba zai yi ta kai da kawowa ba.

Haka 'yan sanda suka bi, gida bayan gida, har da gidan da ta tsallake bisa kuskure ta saka shi a ƙasan shafi. Shi ma sai da suka gama layin suka dawo masa.

Kwafi biyu ne a duniya. Ɗaya yana cikin matashin kanta, ta ɗinke shi da hannunta. Ɗayan yana wurin Lauya.

A taron da aka yi a bayan shagon Kafinta ta farke matashin a gaban kowa. Zuciyarta tafarfasa take yi, kuma ba ta ɓoye ba.

"Yaya, ga nawa. Naka hannun wa ya shiga?"

"Ƙanwata, ƙanena ne fa suka ɗauka," in ji Lauya. "Uwa ɗaya uba ɗaya."

Ya kawo nasa kwafin daga akwatin ƙarfe, ko lanƙwasa babu. Kafinta ya ce ai takarda ana aronta a dawo da ita. Wani ya ce ya ga Lauya sau uku yana shiga ofishin tsaro. Lauya ya ce roƙon a saki mutane yake zuwa yi, amma wa ke sauraro? An tambayi Akawu ko ta yarda da shi. Ta dube shi, mutumin da ya tsaya a matsayin waliyyin mijinta ranar aurensu, ta ce ba ta yarda ba.

Kafin mako ya zagayo an ƙone ofishinsa, an karya masa hannun dama a wuri biyu. Surukarta ta aiko mata cewa ta raba ta da 'ya'ya biyu a wata ɗaya, kada ta sake taka mata gida. Maganar koke ta mutu murus, wanda ya ambace ta ma sai a yi masa kallon ɗan leƙen asiri. Kafinta ya shiga daji da mutum arba'in, aka dawo da gawar sha ɗaya a bayan babbar mota. Akawu ta yi kuka, amma ba ta yi nadama ba. Duk jinin nan a wuyan Lauya take ganinsa, in ta hange shi a hanya da hannu a rataye sai ta tofar da yawu.

Wata biyar bayan haka mai buga tafiretar ofishin tsaro ta kwanta rashin lafiya, aka aro Akawu na kwana uku. Ta je da rawar jiki, ko za ta tsinci labarin inda aka kai mijinta.

Aka zaunar da ita a wani ɗaki mai babbar taga. Mutum biyu ne a ciki: ɗaya a tsaye yana ɗaga wata baƙar takarda ga hasken rana yana karanto sunaye, ɗaya a zaune yana rubutawa. Na tsayen ya ce mata abin da suka rubuta za ta buga, sun kai shafi na casa'in, saura fiye da rabi.

"Wanda ya yi aikin nan gwani ne," in ji shi. "Kabon ɗaya, shafi ɗaya. Da ya maimaita ko sau biyu, da ba mu karanta komai ba."

Ta dubi tarin kabon da ke kan tebur. Yana nan ɗaure da jan zaren da ta ɗaure shi da shi, ranar da ta mayar wa mai sito tsofaffin kabon ɗinta don ya ba ta sababbi.