Kantin da Ya Cinye Wurin Tsayawar Mota

Tunda ka ce harsashi za ka haƙa, zauna ka ji yadda wani mai sayar da kayan masarufi ya yi wa kansa. Allah ya ba shi fili a bakin babban titi, daf da shataletale, inda ma'aikata ke kwararowa kullum bayan la'asar. Ya tsaya ya ga motoci kamar jerin gwano, ya ce kakarsa ta yanke saƙa. Magininsa, dattijon da ya ga jiya ya ga yau, ya ce masa, "Alhaji, a ja ginin baya, a bar wa motoci fili. Ƙofar shiga ta titi, ta fita ta lungu." Gogan naka ya ce bai sayi ƙasa don taya ta kwanta a kai ba. Ya sa aka kai bango har bakin kwata, aka danƙare ciki da shinkafa, taliya, mai, madara da burodi. Ɗan gurbin da ya rage da ƙyar yake ɗaukar mota uku, ƙofarsa kuma ɗaya tal.

Tun ranar da aka buɗe, mai shiga da mai fita suka yi gaba da gaba kamar raguna, kowa ya ƙi ja da baya. Wanda ya rasa wuri ya ajiye motarsa a kan kwalta, 'yan adaidaita sahu suka kutsa ta duk inda suka ga haske, cunkoso ya miƙe har shataletale. Tafiyar minti biyar ta koma ta awa guda. Mutanen da ko gishiri ba su zo saye ba, magariba ta riƙa riskar su a cikin mota, suna danna hon suna Allah ya isa. Mai kanti kan fito yana ba da hannu, hula a karkace, gumi sharkaf, yana faɗa wai direbobin yanzu ba su iya tuƙi ba. Laifin kowa yake gani ban da na bangonsa. Motar da ke kawo masa kaya ma ta zo sau biyu ta koma, ba wurin saukewa. Da jami'an kula da hanya suka fara janye duk motar da ta tsaya a gabansa, sai jama'a suka gaji, suka koma bin hanyar bayan unguwa, inda wata mata ke da ɗan shago da fili shararre a gefensa. A can suke tsayawa su yi cefane su wuce gida. Shi kuwa yana zaune cikin kaya har rufi, burodi na fumfuna, madara na wuce kwananta. Daga ƙarshe da bakinsa ya kira leburori suka rushe rabin ginin, aka sami filin mota goma sha biyu. Ya sa aka share, aka yayyafa ruwa, ya ja kujera ya zauna jira. Amma ƙafa ta riga ta saba da wata hanya.

Shi ya sa Hausawa suka ce, garin neman ƙiba an samo rama.