Rakiyar Baba Tanko

A ƙasar da Balaraba ta sauka, ƙofar ma'aikata ba ta buɗe wa baƙo sai wani ma'aikacin ciki ya rako shi da ƙafarsa. Wata uku ta yi tana neman mai rakiya. Ba sunan da ba ta je ba, ba walimar da ba ta kai dambun nama ba. Kowa ya ci ya yaba, amma da ta ambaci rakiya sai a shiga duba agogo.

Kwatsam Baba Tanko, wani dattijo ɗan Funtuwa da ya shekara talatin a masaƙar birnin, ya ce ta shirya ran Litinin.

Ranar ko karyawa ba ta iya yi ba. A hanya sai zuba take.

"Baba, tare za mu riƙa cin abincin rana, ko?"

"Ɗaga ƙafa dai, 'yata," ya ce yana dariya.

Suka ɗora tafukansu a jikin ƙofa. Awarwaron shaidar da hukuma ta ɗaura mata a hannu ya kawo koren haske, ƙofa ta wangale. Balaraba ta rangaɗa guɗa ta faɗa ciki, har mutane na waiwaye.

Ta juyo tana yafito shi. Yana tsaye a waje, hasken nasa awarwaron ya mutu, yana ninke rigar aikinsa a hankali. Sai a lokacin ta gane: mai rakiya gurbinsa yake bayarwa.

"Injin bakin taga ne naki," ya ce. "Ki riƙa sa masa mai da safe, haka na sabar masa."