Mai Nuna Hanya da Hannun Hagu

Ana cewa matambayi ba ya ɓata, kuma gaskiya ne, sai dai ba a faɗi yadda ya buɗe baki ba, ba a kuma faɗi wanda ya amsa masa ba. Ka ɗauki misalin wani tela na ƙasar Katsina. Saƙo ya iske shi cewa yayansa, wanda ya daɗe yana aikin gonar koko a wani ƙauye bayan Kumasi, yana kwance rai a hannun Allah, ba ya kiran sunan kowa sai nasa. Ya rufe keken ɗinkinsa ya hau mota. A hanya ya faɗa kujera ɗaya da wata tsohuwa mai fataucin goro, wadda ta ji Twi, harshen mutanen Asante, kamar a can aka yanke mata cibiya. Ya roƙe ta ta koya masa. Ta fara da gaisuwa, ta safe daban, ta rana daban, ya tare ta: "Iya, bar wannan, ba hira zan je yi ba. Ba ni na hanya kawai." Ta ba shi. Ɛwɔ he, wato yana ina. Nifa dama, benkum hagu, kɔ w'anim tee miƙe gaba. Ta ƙara da cewa mutanen ƙasar ba sa amsa wa wanda bai gaishe su ba, kuma ko ɗan yaye ba ya nuna hanya da hannun hagu. Ya ce ya ji. Ya ji ɗin, irin jin da mai gyangyaɗi ke yi wa huɗuba.

Da hantsi mota ta ajiye shi inda kwalta ta ƙare, ya kama turba cikin gonakin koko. Bai yi nisa ba ya haɗu da wata mace tana sauri zuwa bakin titi. Ya jefa mata sunan ƙauyen da tambayarsa, ba sallama ba sannu. Ta tsaya ta dube shi kamar mai jiran sauran magana, da ta ga babu saura ta wuce. Wani mai wasa adda ma haka, bai ko ɗago kai ba. Tela ya yanke hukunci cewa mutanen nan ba su da kirki. Rana tsaka ya iso inda hanya ta rabu biyu a gindin wani ƙaton rimi, ya tarar da wani ɗan tsoho guntu zaune a kan saiwa. Wannan kam mai kirki ne. Tun bai gama tambaya ba tsohon ya washe baki, ya miƙa hannu, ya ce kɔ w'anim tee, sannan benkum. Tela ya ji daɗin cewa karatunsa ya yi rana, ya miƙe, ya yi hagu.

Gonakin suka fara tsufa. 'Ya'yan koko sun yi baƙi a jikin itace ba wanda ya tsinke su. Ba kukan tsuntsu, ba saran adda, sai ƙarar busassun ganye a ƙarƙashin takalminsa. Can sai ga rimi, ga hanya ta rabu, ga tsoho a kan saiwa, hannunsa a miƙe yadda ya bar shi. Tela ya ce a ransa tsofaffin ƙasar suna kama da juna, ya sake tambaya, aka sake ba shi amsa da fara'a. Haka ya yi ta zuwa yana dawowa har ya daina lissafi. Abin da ya fara damunsa shi ne inuwarsa, wadda ta naɗe a ƙarƙashin ƙafarsa ta ƙi tsawo. Sai a zagaye na ƙarshe, ƙafafu sun kumbura, ya dubi hannun nan da kyau, ya ga na hagu ne. Ya laluba cikin kansa ya samo kalmar da ya hana tsohuwar ƙarasawa, ya rusuna ya ce, "Maaha." Barka da rana ke nan. Murmushin tsohon ya ɗauke. Hannun ya sauka a hankali. Tela ya jira amsa, kamar yadda matar nan ta jira shi, da ya ɗago ba kowa a kan saiwar sai jerin tururuwa. A bayan rimin kuwa, jifa ɗaya, ana jin daka.

Ya shiga ƙauyen ya tarar ana rabon sadakar ukun yayansa. Masu ilimi za su ce zafin rana ne da yunwa, kuma mai yiwuwa ne, ko da yake zafin rana bai saba cinye wa mutum kwanaki ba. Aka kai shi ya yi wa matar yayansa ta'aziyya, sai ya ga ita ce ta kan turba. Wani ya fassara masa maganarta. Mijinta ne ya tura ta bakin titi ran nan ta taro ƙaninsa. Ta tambayi mijin yadda za ta gane ƙanin nasa cikin baƙin da ke wucewa sayen koko, ya yi dariya, dariyarsa ta ƙarshe, ya ce ba wuya, 'yan gidansu in suka fara gaisuwa sai mutum ya nemi wurin zama.

Kalma ɗaya ya tsallake don ya isa da wuri. Hausawa dai sun riga sun faɗa: sauri ya haifi nawa.